Takalman da Aka Bari a Ƙofar Malam Isaka

Yau shekara huɗu cur da muka kai Malam Isaka makwancinsa a nan Dubai, nesa da Zangon Kumasi inda aka binne cibiyarsa. Takardar asibiti ta ce ciwon zuciya ne. Ban musa ba. Amma ina wurin, kuma zan faɗi abin da ya faru daki-daki.

Tela ne a unguwar Satwa. Shi da matarsa Hajiya Fati suna haya a hawa na huɗu na wani bene a unguwar Muraqqabat, da sunansa a takardar haya. Ya zo da al'adar Zango: mai masauki ba ya rufe ƙofa. Duk Juma'a bayan masallaci, mu 'yan Ghana da 'yan Najeriya mukan taru a falonsa mu ci wake da shinkafa. Wanda ya sauka sabo ya kwana biyu kafin ya sami wurin kansa.

Da gidaje suka sake tsada, mai benen ya so fitar da shi. Doka ba ta ba shi dama ba, sai ya ɓullo ta bayan gida. Da farko aka kashe katin buɗe ƙofar bene. Sannan aka ɗauke ruwa kwana uku. Daga ƙarshe, a tsakiyar zafi, aka kashe na'urar sanyaya ɗaki, ga mutum mai hawan jini. Wanda ya san zafin garin nan ya san wannan ya wuce tsokana.

Malam ya kai ƙara kotun haya, ya yi nasara. Muka yi ta murna, mun manta ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Mai benen ya ɗaukaka ƙara.

Ranar zama, lauyansa ya baje hotuna a tebur. Ba fuskar kowa a ciki. Takalma ne. Mu dai ba ma shiga gidan mutum da takalmi, a ƙofa muke jere su. Ashe mai gadin benen, wanda nan ake kira natur, wanda muke ce wa habibi, wato masoyi, muna miƙa masa kwanon abinci, wata da watanni yana ɗaukar su da wayarsa. Lauya ya ce wannan ba gidan iyali ba ne, gadaje ake haya a ɓoye.

Mafita ɗaya ce: masu takalman su zo da takardunsu su shaida cewa baƙi ne. Mutum biyu suka je. Aka nemi sunayen sauran. A cikin sauran akwai mu huɗu da bizarmu ta mutu. Ni kamfanin kayan da nake wa tuƙi ya rufe, aka soke tawa.

Na same shi a shago na ce, "Malam, bari in je. Khalas, shi ke nan, in an kore ni an kore ni."

Bai ɗaga kai daga keken ɗinki ba. "Garba, zauna. A gidanku ka ga mai masauki ya miƙa baƙonsa? Kuma wannan tsohon silifas naka, ko kunyar amsa shi gaban alƙali ba ka ji?"

Bai ba da suna ko ɗaya ba. Aka ba shi wa'adin tashi. Kwana tara bayan hukunci ya yanke jiki ya faɗi a tsakanin kwalayen da yake haɗa kayansa.

Ina tambayar kaina me zai ce da ya ga yau. Kyamara a kowane lungu na bene. Taron Juma'a ya watse. In ka ziyarci ɗan'uwa, kafin ka gama sallama ya ce ka shigo da takalminka, ka riƙo shi a hannu kamar ɓarawo. Mun ga gemunsa ya kama wuta, mun shafa wa namu ruwa, har ruwan ya tafi da zumunci. Ba na zargin kowa. Ni ma haka nake yi.

Malam bai bar gadon gida ba, bai bar na shago ba. Abin da ya bari mu huɗu ne, kowa yana aikinsa da takardunsa daidai. Yanzu ina da ɗaki da falo a unguwar International City, da sunana, ni da matata. Watan jiya aka sayar da benenmu, aka kawo sabon natur.

Ranar Asabar Hajiya Fati ta kira ni daga Kumasi. Ƙanen Malam zai sauka ranar Alhamis neman aiki, ba shi da masauki. Ta ce, "In da takura, Garba, ka faɗa mini." Na ce ya taho.

Jiya natur ɗin ya tare ni a bakin lif da takarda a hannu, ya tambaye ni mu nawa ne a ɗakin. Na ce mu biyu. Ya rubuta. Ya ce zai sake zagayowa.