Na ɗauka awon kabari suke yi wa ƙanena

Ni mace ce da ta haura hamsin, a Gure nake zaune, cuku da dabino nake sayarwa a kasuwa. A lokacin da abin da zan ba ku labari ya faru, ni ce uwa ni ce uba a ɗakinmu, kuma ban iya yarda da mutum ba. Ko hatsi aka auna mini a gabana, in na koma gida sai na sake aunawa da tiyata. Ina jin wannan halin wayo ne, har alfahari nake yi da shi. Ƙanena, wanda ni na goya shi bayan rasuwar mahaifiyarmu, ɗan dako ne a kasuwar Gidigir. Ƙato ne na gaske, buhun kanwa da mutum biyu ke kamawa shi kaɗai yake saɓawa ya jefa cikin kamiyo, babbar motar kaya, yana dariya.

Wata ranar kasuwa lodi ya zame ya danne shi. Aka kwashe shi zuwa Damagaram, aka yi masa aiki a ciki, bayan aikin ciwon ya ruɓe har ya shiga jini. Suka kai shi ɗakin nan na masu rai a hannun Allah, inda inji ke yi wa mutum numfashi, suka huda masa maƙogwaro suka sa roba. Ni da matarsa, yarinya mai haƙuri da ba ta ɗaga mini ido, muka shimfiɗa tabarma a harabar asibiti muka zauna makonni. Allah Ya yi da sauran kwanansa, ya farfaɗo, aka cire injin. Amma wanda na gani a gadon ba ƙanena da na sani ba ne. Cinyarsa ta koma kamar damtsena, fatar hannunsa na reto, ko kofin ruwa ba ya iya riƙewa, muryarsa kuwa iska kawai ke fita. Abinci ana zuba masa ta roba, ƙarin ruwa bai yanke ba, amma mutum sai narkewa yake yi. Tun nan na fara tambayar kaina ina naman jikinsa yake tafiya.

Sai ga wani lokotoro, wato likita, matashi ya fara zuwa. Ba shi ne ke ba da magani ba, shi dai ya zo da metir irin na teloli, ya yaye zanen ƙanena ya auna cinya, ya auna damtse, ya ba shi wani ƙarfe ya ce ya matse iya ƙarfinsa, sannan a ɗebi jini a ƴar kwalba. Ya zauna da mu ya yi bayani, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce bincike suke yi a kan mutanen da suka daɗe a wannan ɗaki, domin in ciwo mai tsanani ya ƙi ƙarewa jiki yakan juya ya riƙa cin naman kansa, ko da ana ciyar da mutum, kuma kwanciya wuri ɗaya tana ƙara abin. Ya ce awon ne ke nuna musu ko naman ya fara dawowa, jinin kuma ke nuna ko wutar ciwon ta lafa. Ya tambayi ƙanena ko ya yarda, ya gyaɗa kai, matarsa ma ta ce to. Mu a wajenmu mutum yana kwance ba a auna shi sai ranar da aka saro kara za a kai wa masu haƙar kabari. Na ga an yi wa mahaifinmu, na ga an yi wa mijina. Yanzu kuma ga wani yana miƙa igiya a jikin ƙanena yana da ransa.

Daga nan komai na gani sai na ba shi fassara. In sun yi magana da Faransanci a kansa, na ce shawara suke ƙullawa. In an ɗebi jini, na bi kwalbar da ido har ta fita ƙofa, ina cewa a raina shi ya sa yaro ke bushewa. Wata mata da muke jinya tare ta raɗa mini cewa ta ji ana tura jinin mutane ƙasashen waje, ban tambaye ta wa ya gaya mata ba, na karɓa hannu biyu domin abin da nake son ji ke nan. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mai motsa gaɓoɓi, wanda suke kira kine. Kullum da hantsi zai zo ya tanƙwara masa ƙafa ya miƙe, ya tayar da shi zaune, ƙanena na zufa yana cije leɓe, hawaye na zubo masa. Ni kuwa yadda aka rene ni, mai jinya ta gari ba ta barin marar lafiya ya ɗaga ko tsinke. Na tare mutumin na gaya masa maganganu, na ce ba jaki aka kawo musu ba. Ya ce mini da ladabi, in aka bar gaɓoɓin za su ƙage, kuma lokacin da ake iya ceto su ba shi da tsawo. Na ce masa ya je ya ceci na gidansu.

Ranar da na yanke shawarar fitar da ƙanena daga asibiti, matarsa ta durƙusa ta roƙe ni mu ƙara ko mako biyu, ta ce ita tana ganin sauƙi a tare da shi. Na ce mata yaushe aka haife ta da za ta koya mini jinya, in gawa take so ta kai Gure to ni da rai zan kai shi. Likitoci suka taru suka yi mini nasiha, lokotoron nan har ya ce in awon ne ba na so za a daina daga yau, in jinin ne ma a bari, amma don Allah kada a cire shi daga hannun kine. Wannan sassaucin ma sai ya ƙara mini zargi, na ce ashe dama suna da abin ɓoyewa. Da muka zo ɗaukarsa ƙanena ya riƙe ƙarfen gado da ƴan yatsu yana girgiza kai, bakinsa na motsi. Na juya na gaya wa mutane cewa ya ce ya gaji da wurin nan. Ni na ɓamɓare yatsun nasa ɗaya bayan ɗaya.

A gida na yi masa jinyar da duk unguwa ta yaba. Na shimfiɗa masa katifa a ɗakina, na hana shi motsi, ni ke juya masa kai, ni ke ba shi ruwa a baki. Kunu tsararo kawai nake ba shi, na hana nama da ƙwai da nono don kada su tayar da ɗinkin ciki, alhali an gaya mana su ne jikinsa ke nema. Matarsa takan faki idona ta riƙa miƙe masa ƙafa yadda ta ga ana yi, ranar da na kama ta na kore ta daga ɗakin kwana da kwanaki. Masu zuwa dubiya suna ta sa mini albarka, ni kuma ina jin daɗi. Kafin damina ta wuce bayansa ya yi gyambo, gwiwoyinsa suka naɗe, in aka ja sai ya yi ƙara. Majo, ma'aikacin jinya na garinmu, da ya zo wanke gyambon ya dubi ƙafafun ya dube ni, ya tambaya yaushe rabon da a motsa su.

Muka koma Damagaram da kunya a fuskata. Ba wanda ya goranta mini. Kine ya yi iyakar ƙoƙarinsa, hannuwa suka dawo, ƙafar dama ta saki kaɗan, ta hagu kuwa ya ce ta riga ta ƙage. A can ne, da muryar ƙanena ta dawo sosai, wata rana ina ba shi fura ya kira ni Yaya a hankali, ya ce akwai abin da bai taɓa gaya mini ba. Ya ce ana gobe zan cire shi, lokacin da na fita wanki, kine ya tsayar da shi a kan ƙafafunsa, ya tsaya yana riƙe da gado har ya ɗaga ƙafa ɗaya. Lokotoron ma ya nuna masa a metir cewa cinyar ta fara cikowa. Ya roƙi matarsa da hannu kada ta faɗa mini, yana so washegari in shigo in same shi tsaye. Abin da yake ta ƙoƙarin gaya mini ke nan ranar da nake ɓamɓare masa yatsu. Bai faɗa da fushi ba, har cewa ya yi ya yafe, haka Allah Ya rubuta. Ni dai na ajiye ƙwaryar na fita waje na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar mutuwar mijina.

Yau yana zaune a ƙofar gida yana saƙa tabarmar kaba, daga zaune yake salla, kasuwar Gidigir kuwa sai dai ya ji labarinta. Na yarda da ƙaddara, amma na san hannun da ta bi ta kansa. Ƴan uwana masu jinya, ban ce ku yarda da duk abin da aka yi wa naku ido rufe ba. Ku tambaya, ku sake tambaya, amma in an ba ku amsa ku saurara, kada ku zama kamar ni da na riga na yanke hukunci kafin a buɗe baki. Wanda ya daɗe a gadon ciwo, tashinsa daga hannun mutuwa rabin aiki ne, jikinsa na bukatar motsi da abinci mai gina jiki ko da yana kuka. Kuma in marar lafiya ba shi da murya, kada ku ara masa taku, ku duƙa ku gane abin da yake nufi. Ni yanzu na sayi metir a wurin telan unguwarmu. Duk Juma'a nake auna cinyar ƙanena da hannuna, shi kuma ya miƙo mini ƙafar da ke miƙuwa.