Ranar da Gwaggo Ta Tattaro Ciyamomi Uku

Da na dawo daga karatu a ƙasar waje, gidan Gwaggo, yayar mahaifina, na sauka. Na bar ta tana koyarwa a firamare, na dawo na tarar ta yi ritaya, ta kama aiki a majalisar tsara birni. Birninmu ya daɗe da fin ƙarfin ƙaramar hukuma ɗaya. Mutum zai kwana a wannan, ya yi aiki a waccan, ya kai 'ya'yansa makaranta a ta uku, ga shi kuma titi da shara da ruwan sama ba ruwansu da iyaka. Shi ya sa aka kafa majalisar, don ciyamomi su riƙa zama tare suna daidaita ayyukansu.

Na tambaye ta wane iko majalisar take da shi a kansu.

"Iko?" Ta yi dariya har tana dafa gwiwa. "Muna da injiniyoyi, muna da ɗakin taro mai fanka biyu, ɗaya ce ke juyawa. Ba ma tilasta wa kowa. Injiniyoyin su zana taswira, ni in yi yawon lallashi."

Mijinta ya rasu da wuri, ita kaɗai ta reni 'ya'yanta. Tana cewa duk abin da ta iya a wannan aiki a aji ta koye shi, wurin raba yaran da ke faɗa a kan benci. Da yake gwiwa na damunta, ni na zama direbanta. Na ga yadda take shiga sakatariya: ta gaida mai gadi, ta tambayi masinja jikin mahaifiyarsa, ta zauna a kujerar jira ba ta ko duba agogo.

A shekarar, abin da ya tsaya mata a rai shi ne makarantar da ta koyar. Makarantar tana daidai inda iyakokin ƙananan hukumomi uku suka haɗu. Ta tudu ta gina magudanar ruwa ta siminti, ta tsaya cak a iyakarta. Ta tsakiya ta gina tata, siririya, ta wani layin daban. Ta kwari ba ta gina komai ba. Duk ruwan a bayan makarantar yake taruwa. Daminar da ta wuce ya kayar da katanga, ya shiga azuzuwa. Hukumar ilimi ta ce in ba a gyara kafin wata daminar ba, za a rufe makarantar, a rarraba yaran zuwa makarantun da ke tsallaken babban titi.

Injiniyoyi sun gama zanen da zai haɗe magudanun ya kai ruwan rafi. Kowane ciyaman, a ofishinsa, ya ce wa Gwaggo ya yarda. Zama ne ya gagara, domin ba wanda zai taka zuwa wurin ɗan'uwansa a ce shi ne ƙarami. Ɗakin taron majalisar ma, ciyaman na tudu ya ƙi shi, wai a ƙasar na tsakiya yake. Sai Gwaggo ta mayar da taron makarantar, wadda ba ta kowa ba ce, ta kowa ce.

Ranar, hedimistires ta sa an share aji ɗaya. Hantsi ya yi, shiru. Na fita na leƙa, na dawo na gaya wa Gwaggo abin da na gani: motoci uku, kowace a laɓe a kwanarta, inji na aiki. Kowa na jiran sauran su riga shi shiga, don kada a ce shi ya zauna jiran wani.

"Bar mota, da ƙafa za mu," ta ce. Ta ɗauki sandarta.

Ta ɗingisa har motar na tudu, ta ƙwanƙwasa gilashi.

"Ranka ya daɗe, Allah ne ya kawo ka. Gwiwar nan ta ƙi, ga laka. Riƙe ni ka tsallakar da ni."

"Hajiya, ga direba nan…"

"In jingina da direba alhali ga ɗana?"

Ya fito yana tattare riga. Maimakon ƙofar makaranta, ta karkata da shi zuwa mota ta biyu, ta miƙo mini sandar.

"Ranka ya daɗe, wannan hannun ma yana neman mai riƙewa."

Na tsakiya ya dubi na tudu, ya ga ai shi ma a riƙe yake, ya fito. Na kwari shi ne yaro a cikinsu, kuma ɗalibinta ne a da. Shi jaka ta miƙa masa.

"Malama, a gaban mutane?"

"A gaban mutane na share maka majina, ba ka yi ƙorafi ba. Riƙe."

Ba ta bi gajeriyar hanya ba. Ta zagaya da su ta bayan makaranta, inda katangar ke kwance cikin koren ruwa.

"Ni dai ruwa ba nawa ba ne," in ji na tudu, yana kare hanci. "Na Allah ne."

"Na Allah ne," na kwari ya ce, "amma ta simintinka yake iso mana."

Na tsakiya ya fashe da dariya, Gwaggo ta matse masa hannu. "Kai ma taka magudanar ko kaza ta tsallake."

Haka suka shiga ƙofar tare, ba na farko ba na ƙarshe. Suka zauna a bencin yara, gwiwoyi kusa da haɓa, ga shatin ruwan bara a bango daidai kafaɗunsu. An yi musu sosai a kan taswirar. Da aka tashi, na tudu ya ɗauki nauyin kawo motar haƙa, na tsakiya zai faɗaɗa tasa magudanar, na kwari zai matsar da rumfunan da suka toshe hanyar rafi.

Tafiyar ta kumbura mata gwiwa, ta kwanta jinya. Motar haƙa kuma ta yi ta jinkiri, sai da muka sake zaman kujerar jira a sakatariyar tudu har masinja ya fara ajiye mata matashi.

Ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, da safe, ta ce in kai ta makaranta. Ta tsaya a baranda tana kallon ruwan na gangarowa cikin sabuwar magudanar, ja wur, yana wucewa ta gindin katangar da aka tayar. A cikin aji yara na ta bin malaminsu karatu.

"Malama, ki shigo, feshi na taɓa ki," in ji hedimistires.

"Bari tukuna," Gwaggo ta ce. "Ina son in ga ya wuce."