Rufus Tafinta da Ciwon da Maza Ke Ɓoyewa

Rufus Zamani mutum ne da bai iya zama wuri ɗaya ba. An haife shi a wani ƙauye kusa da Kachia, ya zo Kafanchan yana saurayi, ya shekara ashirin da biyu yana juya wa jiragen ƙasa layi a tasha. Da ya ajiye aikin reluwe sai ya koma noman citta. Amma da tafinta aka fi saninsa. Ranar Lahadi Fasto na wa'azi da Hausa, Rufus na gefensa yana juya wa tsofaffi maganar zuwa yaren gida, yana yi yana kai da kawo har sai Fasto ya riƙo masa hannun riga.

A shekarar da motoci suka koma bin hannun dama ne fitsari ya fara yi masa gardama. Sai ya matse shi, ya ruga bayan ɗaki, ya tsaya yana nishi, abin na fita ɗigo-ɗigo. Kafin ya gama ɗaure wando ya sake matse shi. Ya daina shan kunu safiyar Lahadi. Ya sha saiwoyi har bakinsa ya saba da ɗaci. Duk da haka, wata rana Fasto na tsakiyar labarin Nuhu, ya waiga bai ga tafinta ba.

Da suka koma gida matarsa Afiniki ta tare shi a bakin rumbu.

"Baban Bernice, ni ke wanke wandunanka. Jiya na ga jini."

"Zafin rana ne," in ji shi, yana neman hanyar wucewa.

"Yayanka Luke ma haka ya ce."

Luke ya rasu shekara uku kafin nan, dangi suka ce jifa aka yi masa. Rufus ne ya yi jinyarsa, ya kuma san yadda abin ya fara. Ya ɗauki fartanya ya fice, ko da yake Lahadi ce kuma ba a zuwa gona.

Lokacin tonon citta fitsarin ya tsaya cak. Tun safe har la'asar ko ɗigo. Mararsa ta kumbura kamar an kifa ƙwarya, zama ya gagara, kwanciya ta gagara, sai zagaye tsakar gida yake yana dafa bango. Afiniki ba ta nemi izininsa ba, ta kira maƙwabcinsu Malam Martins, malamin firamare, ya goya shi a babur zuwa asibiti. Aka sa masa roba, fitsari ya fita, Rufus ya fashe da kuka a gaban nas.

Likita ya ce masa kowane namiji yana da wani ɗan ƙullutu kamar goro a ƙasan mafitsara, nasa ya kumbura ya yi tauri. Aka tura shi Jos a jirgin ƙasa. Can aka yi masa aiki, aka tabbatar sankara ce, har ta soma taɓa ƙashin baya.

"Da ka zo bara, da maganar ta fi haka sauƙi," in ji likitan.

Wannan magana ita ta hana shi sukuni. Ya dawo a rame, da ƙwayoyi a aljihu, ya yi ta juya ta a zuci. Ranar taron zumuntar maza, ana shirin addu'ar rufewa, ya miƙe ya ciro goro ya ɗaga sama. Ya faɗi komai, ɗigon, jinin, robar. Ya ce wa masu ƙananan shekaru su ma su riƙa taɓa 'ya'yan marainansu wajen wanka, wanda ya ji ƙari kada ya kwana da shi.

Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka ƙyalƙyale da dariya. Dattijon coci, Bartholomew, ya buga sanda a ƙasa.

"Malam Rufus, a gidan Ubangiji muke fa!"

"Ai shi ya yi mafitsarar, Dattijo."

Aka tashi taro. Bayan kwana huɗu Rufus na shanyar citta sai ga Bartholomew. Ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyali, ya yaba cittar, sannan ya duba hagu da dama.

"Robar nan da ka ce, akwai zafi?"

"Akwai. Gobe da safe ka shirya, zan raka ka."

Daga nan Rufus ya bi kasuwar Kachia, ya je Gwantu, duk inda maza suka taru, har masu shan burkutu ba su tsira ba. Wasu da sun hango shi sai su sauya hanya. Maza tara ya raka asibiti da ƙafarsa. Ya rasu da daminar 1977, bayan wata biyu a kwance. Ciwon Bartholomew kuwa kumburi ne kawai, aka yi masa aiki ya warke, shi ne ma ya yi addu'a a bakin kabari.