Taga Ta Hana Ni Zuwa Gusau

Jakata na kafaɗa, zan fita tasha, Oga Davou ya leƙo daga ɗakin sabobi, wato manyan kwamfutocin ofishinmu na Terminus a Jos.

"Malam Sani, AI ɗinka ya kashe saba."

Wata tara rabona da Gusau, inda iyalina suke. Sharaɗin hutuna ɗaya ne: AI ya iya gadin sabobin ba tare da ni ba. Na haɗa shi da manhajar da ke sa musu ido, na ba shi littafin bayaninta. Rabinsa hotuna ne da "danna nan". Mutum aka rubuta wa.

Ashe ruwa ne ya sauko, aka kashe esi mai sanyaya ɗakin aka buɗe taga, yadda muka saba a sanyin Jos. Shi kuwa AI, da ya ga esi a kashe, ya zaci sabar za ta ƙone.

"Ka rubuta masa muna buɗe taga?" in ji Oga.

"Haba Oga, wa ke rubuta taga?"

"To shi aljani ne? Ni ma shekara shida ban san me kake yi a ɗakin nan ba."

Na ji haushi, amma gaskiyarsa. Da gangan na riƙe komai a kaina don kada a iya aiki in ba na nan. To ga shi an kasa.

Na kira matata na ce ta gaya wa yara sai wani mako. Ta ce, "Allah ya kai mu." Ko dalili ba ta tambaya ba.

Ku da ke nesa da gida, akwai wanda ya taɓa ɗaure kansa haka?