Kofin Ruwan Baba Mumuni

Ku sababbin zuwa, ku tambayi kowa a sashen nan, za a gaya muku: tun da aka fara gwajin magunguna a asibitinmu na Doha, ba a yi ma'aikacin jinya mai iya lallashi kamar ni Ɗanjuma ba. Na taɓa lallashin mai tsoron allura har ya miƙo hannu biyu yana tambaya ko da ƙari. In na buɗe baki, na'urar awon bugun zuciya ma rage ƙara take yi don ta saurara. To, cikin duk ranakun da bakin nan ya yi aiki, wadda ta ƙi barin raina ita ce wata Litinin ta tsakiyar zafi, ranar da na tsaya a kan Baba Mumuni, shi kuma yana riƙe da kofin ruwa.

Bari in fara da yadda aikin yake, don wanda bai sani ba. Manya muke dubawa, masu sankarar jini irin mai taurin kai: an yi mata maganin da aka sani ta lafa, ta dawo, an sake yi, ta sake dawowa. Idan likitoci sun ƙure abin da ke hannunsu, sai a yi wa mutum tayin shiga gwaji. Magani biyu ake haɗa masa, ɗaya ƙwaya ce ta haɗiya, ɗaya ta jijiya ake sa shi, a ga ko tare za su iya abin da kowannensu ya kasa shi kaɗai. Ba a tilasta wa kowa. Sai an yi maka bayani da harshen da kake ji, ka amince, kuma duk ranar da ka ce ka fasa, ka fasa. Babbar likitar gwaji ce ke ɗauke da nauyin komai, tamu a lokacin Dakta Amal ce, 'yar Sudan. A ƙarƙashinta akwai masu haɗa magani, sai mu ma'aikatan jinya. A saman kowa kuma akwai ƙa'idojin da aka tsara tun kafin a fara, waɗanda ko wanda ya gina asibitin ba ya iya lanƙwasa su.

Ƙwayar nan tana da wani hali. Idan ta kama aiki, kashe miyagun ƙwayoyin jini take yi a tare, sharar kuma duk ƙoda ce ke kwashewa. In shara ta yi yawa ruwa ya yi kaɗan, ƙoda ta gaji. Shi ya sa ake farawa da kaɗan, a riƙa ƙarawa duk ranar Lahadi a gabanmu, mutum ya dawo Litinin a auna jini. Umarni ɗaya muke nanatawa har ya gundure mu: ka sha ruwa, ka sha kamar raƙumin da ya dawo daga Agadas.

Baba Mumuni direba ne, mutumin Zangon Kumasi, ya haura sittin, yana kwana a ɗaki ɗaya da 'yan garinsu a unguwar Najma. Ciwon ya dawo masa karo na biyu. Kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauke shi aiki, mutumin kirki ne, ya ce ya zauna ya yi jinya. Da yake ni ne Bahaushen sashen, aka haɗa ni da shi, kuma tun ranar farko muka fara tsiya.

"Kai mutumin ina ne?" in ji shi.

"Funtuwa, Baba. Inda aka ajiye Hausar asali."

"To, mun gode da ajiya. Mu kuma muka kai ta bakin teku, ku kuna zaune."

Matarsa ta bugo daga gida, ya ajiye waya ya ce min, "Matata ya gaishe ka." Na ce, "Baba, matar ce ko ƙanen matar?" Ya yi dariya har sai da tari ya kama shi.

Makon farko lafiya ƙalau. A na biyu awon Litinin ya nuna ƙoda ta soma wahala. Aka sa masa ƙarin ruwa, ta farfaɗo. Talata ya dawo, ta sake lalacewa. Laraba ta gyaru, har muka fara murna, Alhamis kuma ta koma. Dakta Amal ta duba duk abin da ake dubawa. Ta tambaye shi ko yana shan wani jiƙo na gida, ya ce a'a. Tana tambaya da Turanci, ina juyawa.

"Baba, kana shan ƙwayar kullum?"

"Ina sha."

"Da abinci?"

"Da abinci."

"Ruwa fa?"

"Ina sha, ɗana. Da yawa."

Ba ƙarya ya yi ba ko sau ɗaya, ku riƙe wannan.

Da yammacin wata Lahadi Dakta ta kira ni ofishinta. Ba mai yawan magana ba ce, kuma ranar ta ƙara ragewa. Ta ce maganin yana aiki, jinin Baba ya soma nuna abin da aka daɗe ba a gani ba. Amma idan awon gobe ya sake haura iyaka, ƙa'ida ta ce a tsayar da ƙwayar, a fitar da shi daga gwajin.

Na ce, "Dakta, in aka fitar da shi, sai me?"

Ta ce, "Sai mu rage masa zafin ciwo, ya koma gida wurin iyalinsa."

Na fito ina mamakin kaina. Ni da ke cewa babu mara lafiyar da zai ɓoye min abu, ga dattijo muna raha kullum, ban san abin da ke cin ƙodarsa ba.

Yanzu ga inda basirata ta shigo, ko da yake wasu 'yan hassada suna cewa cikina ne. Kowace safiya a hanyata daga unguwar Bin Mahmud nakan tsaya in sayi karak, shayin madara mai kauri, kofi biyu, ɗaya nawa, ɗaya na Baba, da izinin Dakta. Wata rana ya shanye ya ce sukari bai ji ba. Wata rana kuma ya ce, "Na gode, ɗana, ajiye can." To, ni ba na son almubazzaranci, sai in taimaka wa kofin. Litinin ɗin nan da safe ya ce in ajiye, na ajiye a cikina. Ina cikin kurɓa ta ƙarshe, Sista Mariyamma, abokiyar aikina 'yar Indiya, ta wuce ta dubi tumbina.

"Ɗanjuma, rigar nan ba za ta kai ƙarshen shekara ba. Duk Litinin da Alhamis kofi biyu kake sha."

Na tsaya da kofi a baki. Litinin da Alhamis. Duk wanda ya tashi a gidan da ke da dattijo ya san ranakun nan.

Na koma gadon Baba, na ja labule, na zauna.

"Baba, azumi kake yi?"

Ya juya fuska bango, ya ce, "Wannan tsakanina da Ubangijina ne."

A hankali maganar ta fito. Lokacin da ciwon ya lafa karo na farko, ya yi bakance, wato ya yi wa Allah alkawarin azumtar kowace Litinin da Alhamis muddin yana raye. Ya riƙe, sai dai a tsananin zafi, yana tuƙi tun safe, wasu ranaku suka kuɓuce masa. Da ciwon ya dawo, sai ya sa a ransa cewa saɓa alkawarin ne ya dawo da shi. Don haka yanzu ko ranar mutuwarsa ce ba zai sha ba. Ƙwayar yana haɗiye ta lokacin sahur, da abinci kamar yadda aka ce. Ruwa yana sha da yawa, bayan magariba. Wuni guda kuma, a zafin Doha, ƙodar tana kwashe shara a bushe.

Na ce, "Talata fa, Baba? Me ya faru da Talata?"

Ya ce, "Ai kun sa min ruwa ta jijiya ran Litinin. Na ga kun karya min, sai na rama."

Mu muna gyara Litinin, ashe muna ɓata Talata.

Na ce dole in gaya wa Dakta, ya ce in je. Da ta ji, ta dafe goshi. Ita ma musulma ce, ta kuma tsara gwajin yadda zai kauce wa watan Ramadan, amma babu wanda ya tuna da azumin da mai yinsa ba ya faɗa. Ta ce za ta jinkirta awon zuwa la'asar, ƙa'ida ta yarda da haka. Tana iya sa masa ƙarin ruwa, amma in zai rama gobe, aikin banza ne. Sai ya sha da bakinsa, da yardarsa. Ta ce, "Wannan ba maganar likita ba ce. Wa yake jin maganarsa?"

Na bugo wa abokan ɗakinsa, suka taho da Liman Fuseini, dattijon da ke jan mutanen Zango salla a Najma. Ya iso kafin azahar, siriri, mai magana ƙasa-ƙasa. Ya saurari komai, ya tsiyaya ruwa a kofi da kansa.

"Mumuni, Wanda ka yi wa alkawarin, Shi ne Ya ɗauke wa mara lafiya azumin farilla, balle wannan. Ranar da ciwo ya hana ka, babu laifi, babu ramuwa. In zuciyarka ba ta kwanta ba, ka ciyar da mabukata. Karɓi."

Ya sa masa kofin a hannu. Shi ke nan, wai ya gama.

Na ce a raina, ran mutum ne fa a nan, a yi masa magana uku a tashi? Na gyara tsayuwa, na ce, "Baba, saurare ni." Jama'a, ranar na yi magana. Na fara da yadda aka halicci ƙoda, na zana ta a iska da hannu biyu. Na kwatanta ta da magudanar ruwan kasuwar Funtuwa a farkon damina. Na ga Baba ya ɗaga kofin zuwa baki, na ɗaga murya don in ƙarfafa shi, sai ya sauke. Na ce lallai dattijon nan da taurin kai, na ƙara wuta. Na kawo matarsa, na kawo jikokinsa, har waɗanda ba a haifa ba na raɗa musu suna. Na kawo marasa lafiyar da za su zo bayansa, a Kumasi da Kano da ƙasashen da ban san sunansu ba, waɗanda sakamakonsa zai iya buɗe wa ƙofa. Ya sake ɗaga kofin, na ce, "Tsaya, Baba, ban kai ga muhimmin ba," ya sake saukewa. Sista Mariyamma, da ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya, na ga idonta ya kawo ruwa. Ita ta ce hamma ce.

Da numfashina ya ƙare na yi shiru. Baba ya yi bisimilla, ya shanye kofin, ya miƙo a ƙara. Dakta daga bakin ƙofa ta ce, "Yalla, maza a kawo masa gorar ruwa."

Awon la'asar ya zo dab da iyaka, amma bai haura ba. Na washegari ya fi shi kyau. Baba ya zauna a gwajin, aka kai shi cikakken ma'aunin ƙwayar, ciwon ya lafa. Ban ce ya warke ba, a aikinmu ba ma saurin faɗin wannan kalma, kuma akwai waɗanda suka sha maganin nan yadda ya kamata bai karɓe su ba. Amma ya koma tuƙi, ya je Kumasi ya ga jikarsa, ya dawo.

Abin da nake alfahari da shi har yau, tun daga wannan mako Dakta Amal ta ƙara tambaya ɗaya a cikin waɗanda muke yi wa duk mai shiga gwaji: ban da Ramadan, akwai wani azumi da kake yi? Za ku yi mamakin yawan masu sunkuyar da kai su ce akwai. Ku da kuke fara aikin nan, ku sani, magani biyu aka ce muna haɗawa, amma jikin da ake zuba su yana da alkawuran da ya ɗauka tun kafin ya san mu. Mutanenmu ba sa yi wa likita ƙarya, abin da aka tambaye su kawai suke amsawa. In ba ka san gidan da mutum ya fito ba, ba za ka san abin tambaya ba.

Bayan 'yan makonni Baba ya yi sadakar da Liman ya ce. Wata Juma'a bayan masallaci, abokan ɗakinsa suka dafa shinkafa da wake irin ta Zango a wata tukunya da za a iya yi wa jariri wanka a ciki, aka raba wa leburorin unguwa. Aka gayyace ni, na je don girmamawa, na zauna kusa da tukunyar don kada ta yi kaɗaici. Da ciki ya ɗauka, na ba mutanen ɗakin labarin ranar, yadda Liman ya yi iya ƙoƙarinsa, Allah Ya saka masa, amma dutsen bai motsa ba sai da Ɗanjuma ya buɗe baki. Na ce, "Ga shi nan zaune, ku tambaye shi. Baba, wace magana ce a cikin maganganuna ta karya maka zuciya? Ta jikokin ce, ko ta magudanar ruwa?"

Baba Mumuni ya suɗe yatsunsa, ya dube ni da tausayi.

"Ɗana, tun da Liman ya rufe baki na yarda. Ba a shan ruwa mutum yana yi maka magana, shi ya sa. Jira kawai nake ka yi shiru in sha."