Gyaran Jirgi Cikin Daƙiƙa Ashirin

Duk wanda ya taɓa tura katun a wayarsa a kasuwar Bagudo ya san muryar Bunyaminu, ko da bai san fuskarsa ba. Murya ce mai kauri, irin ta wanda bai gama farkawa ba, kuma ita ke fitowa daga bakin samarin Japan masu gashi tsaitsaye, da tsofaffinsu, har da matansu in ta kama. Mai muryar kuwa ɗan shekara arba'in da uku ne, yana ɗingisa ƙafar hagu, ba ya dariya sai dole.

Mahaifinsa mai fito ne a kogin Kwara, mutum ne da zai wuni bai haɗa magana biyar ba. Bunyaminu ya tsani ruwa. Yana ɗan sha biyar ya tattara ya tsallaka Benin, ya zauna Kandi koyon gyaran babur, Faransanci ya kama bakinsa. A can wani mai tsoffin littattafai ya nuna masa wasu littattafan zane guda tara da ya jefa gefe, wai maɗaba'a ta ɗinke su baibai, farkonsu ya koma ƙarshe. Bunyaminu da ya tashi da allo ya ɗauka ya buɗe ta dama ba tare da wani tunani ba, sai ga labari ya miƙe sarai. Daga baya ya ji sunansu manga. Yana Kandi ɗin aka aiko masa mahaifinsa ya rasu, kafin ya iso an kai shi.

Ya yi shekaru yana jigilar albasa a babur tsakanin iyaka da gari, har ranar da babur ya kayar da shi ya danne ƙafar. Da ya warke, Jamaluddeen mai shagon caji da turin fina-finai ya ɗauke shi. Ana kawo katun ɗin Japan, wanda yara ke kira anime, daga tsallaken iyaka da rubutun Faransanci a ƙasa, Bunyaminu ya shiga ƙuryar shago, ya rataya bargo a ƙofa saboda ƙarar janareta, ya ɗora Hausa a kai. Aikin nan shi ne tuwon gidansa, shi da matarsa Batulu da 'ya'ya huɗu, kuma da wannan ƙafar babu wani aikin da ke jiransa.

Shekara uku lafiya lau. Sai ranar nan aka kawo sabon fim, yana kunnawa ya ga ashe labarin littattafansa tara ne aka mayar katun. Labarin ɗan mai jirgi ne da ya bar gida ya bi masu takobi. Murna ta hana shi cin abincin rana. Kafin a kai kashi na uku murnar ta koma ciki. Sun ƙara faɗa inda babu faɗa, sun ƙirƙiro wata mage mai magana don a yi dariya, duk wurin da littafi ya yi shiru su sun cika shi da kiɗa. Zanen dai ya yi kyau, wannan bai musa ba.

Sai ya ɓullo da dabara. Duk inda fim ya tsallake wani abu, sai ya tsayar da hoton cak, ya ba da labarin abin da ke cikin littafi da bakinsa, sannan ya sake shi. A kashi na biyar hoto ya tsaya minti bakwai a kan fuskar wani tsoho.

Mutanen Zagga da Geza da suka saya ran kasuwa suka dawo a fusace, kowa na cewa memorinsa ya lalace. Wani Bafulatani har ya kai wayarsa wurin mai gyara aka kwance ta, aka rasa ciwon.

Jamaluddeen ya ɗaga bargon ya leƙo. Bunyaminu ya girme shi da shekara goma sha biyar, don haka ya sassauta murya.

"Yaya Bunyaminu, don Allah mi ag haka? Mutane kallo sunka zo saye, ba karatu ba."

"Rabin labarin anka yar," in ji Bunyaminu. "Ni na san abin da ad da shi."

"Kai ɗai ka sani. In hoto ya ƙara tsayawa, wallahi sai in koma turo na Kano da anka riga anka fassara. Ban son haka, amma ka gani."

Ya gani. Abin da ya ƙara karya masa gwiwa shi ne kashi na shida ke tafe, kuma nan ne wurin da ya fi so a duk littattafan. Yaron ya dawo gida da rauni, ya tarar da uban yana gyaran jirgi a bakin ruwa. Shafi talatin da ɗaya babu kalma ko ɗaya. Uban ya miƙo hannu, ɗan ya sa masa ƙusa. Uban ya tura tsumma cikin tsaga, ɗan ya bi da kwalta. Rana ta faɗi, suka tafi gida. Bunyaminu ya buɗe wurin nan har takardun sun yi laushi kamar tsohon zane, domin shi bai taɓa riƙe wa mahaifinsa ko guduma ba, kuma abin yana cinsa.

Da hantsi ya kunna kashi na shida. Daƙiƙa ashirin suka ba gyaran jirgin. Bai ma gama jin haushin wannan ba sai ya ga bakin uban yana motsi. Sun sa masa magana! Rubutu ya fito a ƙasa, uban ya dafa kafaɗar ɗan yana cewa ya yafe masa tafiyar da ya yi, yana alfahari da shi.

Bunyaminu ya kashe, ya zauna zufa na bin bayansa. Ƙarya ce tsagwaronta. Irin waɗannan iyayen ba sa faɗin haka, shi shaida ne. Ya yi tunanin ya bar wurin shiru, amma baki na motsi babu murya, gobe a ce memori ya sake lalacewa. Ya tuna Batulu da safe tana karkaɗe buhun gero. Ya gaji, gajiyar da ba ta ƙafa ba.

Ya jawo wayar kusa da bakinsa, ya ƙara wa muryarsa kauri kamar yadda yake yi wa tsofaffi.

"Ɗana, na yahe maka tahiyar da ka yi. Ka dawo, shi ke nan."

Muryar ta tsinke a tsakiya. Ya so ya sake ɗauka, ya kasa, ya bar ta haka.

Kashi na shida ya yi kasuwar da babu wanda ya taɓa yi a shagon. Jamaluddeen baki har kunne, ya sayo masa sabon abin magana. Ran kasuwa wani dattijo daga Matsinkai mai suna Malami ya zo caji, aka nuna masa mai muryar. Ya kama hannun Bunyaminu da hannu biyu.

"Wurin ga da uban ya yi magana, sau huɗu nis sa jikana ya mayar min. An ce kai ka karanta littahin. Haka yac ce a ciki?"

Jamaluddeen ya daina abin da yake yi yana kallonsa. Bunyaminu ya dubi dattijon.

"A'a, Baba," ya ce. "Bai ce komi ba."