Abin da Na Zuba a Randar Kaka

Tun farko in faɗi gaskiya, babu wanda ya sa ni. Ba zan ma ɗora wa shaiɗan ba, don na tabbata ranar da na fara abin nan shi kansa gefe ya koma ya riƙe baki.

Ina aji huɗu a makarantar kwana ta 'yan mata a Birnin Kebbi. Gadona yana kusa da na wata ƙawata 'yar ƙasar Zuru, yarinya mai natsuwa wadda bulala ba ta san bayanta ba. Wata rana muna wanki na cika baki cewa duk unguwarmu ta Nasarawa babu mai kama ƙafata a kunun zaƙi. Ta ce ai kunun zaƙi ƙanen burkutu ne, kakarta na dafawa a ƙauyensu, kuma da dawar da ruwan da tsiron duk ɗaya ne. Na ce ƙarya take yi. A tunanina giya aba ce da ake yi can kudu, a wani gini mai hayaƙi, ba abin da zai fito daga rumbun musulmi ba. Don ta wanke kanta daga ƙarya ta jero mini yadda ake yi. Ni da har yau lissafin sau bakwai ke ba ni wahala, na haddace shi tsaf a zama ɗaya.

Hutu ya zo ana saura 'yan makonni azumi. Innata ta ce zafin bazara ya ishe ta, ba za ta haɗa shi da ni ba. Aka sa ni a motar kiya-kiya zuwa Argungu wajen Kaka, mahaifiyarta, wadda ke zaune da Kawu, ƙanen Inna. Kawu malami ne, manyan mutane ke ɗaukar karatu a zaurensa da safe.

Kaka tana da wata baƙar randa, gadon uwarta, tsayinta ya kai ƙuguna. Duk shekara tana kife a ɗakin ajiya. Sai azumi ake fito da ita, a binne gindinta cikin jiƙaƙƙen yashi a ƙarƙashin dogon yaro, a jefa saiwar jema a ciki. Ruwanta in ka kurɓa sai haƙoranka sun tuna da kai. Kafin magariba yaran unguwa kan yi layi da kwanuka, kowa a ɗebar masa ya kai gida a buɗa baki da shi. Kaka takan ce, “Ba ni da gona, ban tahi Makka ba. Wagga randa ita ta guzurina.”

Na san wannan duka. Ba zan ce ban sani ba.

Na ɗebi jar dawa na jiƙa, na baza a kan jiƙaƙƙen buhu na rufe, kullum ina yayyafa ruwa. Na ce wa Kaka tsiron kunun azumi nake tanada. Ta dube ni ta ce, “Ashe boko bai cinye ki duka ba.” Har ƙosai ta sayo mini don jin daɗi, na kuwa cinye. Da dawar ta fitar da fararen gashi kamar gemun tsoho, na shanya ta, na kai inji.

Sai ga sa'a irin ta marasa rabo: aka yi rasuwa a Augie, Kaka ta tafi gaisuwa za ta yi kwana uku. Kawu kuwa ko madafa ta kama da wuta sai ya kai ƙarshen shafi zai ɗago. Na dama, na dafa, na bari ya yi tsami, na sake dafawa, na tace. Saura wurin da zai kwanta. Ina bukatar abu babba, a ɗakin da ba a shiga. Na tsaya a ƙofar ɗakin ajiya na dubi randar. Na ce a raina kwana biyu ne kawai, ai ruwa ke wanke komai. Na birkice ta na juye, na rufe da faifai.

Washegari na sa kunne na ji tana ƙananan gunaguni. A rana ta biyu kumfa ya ɗaga faifan. Warin kuwa, na rantse da gwamna ya buɗe tagarsa a Sakkwato da ya aiko a bincika. Na toshe ƙasan ƙofar da tsumma, na ƙona barkono a madafa don a ce shi ne.

Na ɗanɗana. Bakin ludayi ɗaya. Abu ne kamar kunun da aka yi wa baki, ga tsami ga ɗaci. Na zauna a kan turmi ina jira in ga ko zan fara rawa ko zagin hakimi. Babu abin da ya faru sai gyatsa. Ƙawata ta yi gaskiya, ni kuma na iya, amma duk faɗin Argungu babu mutum ɗaya da zan iya gaya wa.

Kaka ta dawo da hantsi, tun ba ta cire mayafi ba ta ce wata ya kusa, in fito da randa in wanke. Tana shiga wanka na kwashe abin da bokiti, sawu huɗu, na zubar a kwatar bayan gida. Na dirje randar da toka, na dirje da sabulu, na matse lemun tsami har yatsuna suka yi fari. Na cika ta da ruwa, na zuba jema ninki uku.

Da la'asar Kaka ta sa moɗa ta kai baki. Ba ta haɗiye ba. Ta juya ta furzar a gindin bishiya, ta tsaya tana kallon ruwan.

“Ke, taho nan. Mi kinka zuba cikin randar ga?”

“Ruwa, Kaka.”

“Kahin ruwa.”

“Kunu ne ya ɗan kwana.”

“Na shekara saba'in ina kwana da kunu. Kira min kawunki.”

Kawu ya zo da tasbaha a hannu, ya sunkuya ya shinshina sau ɗaya, ya miƙe. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga.

“Ɗiyata, kwana nawa ya yi ciki?”

“Uku.”

“Ya yi kumfa?”

“Kaɗan.”

“Kaɗan awa mi?”

“Ya ture faifai.”

“Kuskure na, ko ko da niyya?”

Na duba ƙasa ko za ta taimaka ta tsage. Na ce da niyya. Na ce so nake in gani ko gaskiya ne.

“To kin gani. Ina abin ya ke?”

A nan na ɗan samu ƙarfi, don ina ganin wannan kam na yi daidai. Na ce na zubar da shi tas, na wanke randar sau biyar.

Kawu ya rufe ido. Ya ce da na bar shi a ciki ya ci gaba da tsami har ya juye ya koma ruwan khal, wanda ake sa wa abinci da magani, da shi da randar duk sun tsarkaka tare. Amma na kwashe shi yana giya. Kwanon sha ana wanke shi ya tsarkaka, tukunyar ƙasa kuwa shanyewa take yi, abin da ya ratsa jikinta ba ya fita. Ba za a ƙara shan ruwanta ba, ba za a yi alwalla da shi ba.

Wato dirzar da na yi har fatar hannuna ta saɓule, ita ce ta ƙarasa randar.

Kaka ta shiga ciniki da ɗanta kamar a kasuwar kifi.

“In anka sa ta wuta hwa?”

“Inna, ba ya yi.”

“A kai ta gulbi ta kwana bakwai.”

“Ko ta shekara.”

“Kai da karatunka duka, babu wata 'yar ƙohwa?”

“Da akwai, ai ke zan hwara buɗe wa. Ki aje ta ki riƙa zuba gero, busasshen abu ba laihi.”

“Randa tana nan lahiya lau, ruwa babu. Mi zan ce ma mutane?”

Ni dai na san Argungu. In maganar ta fita da safe, kafin azahar ta riga kiya-kiya isa Birnin Kebbi, kuma har in tsufa sunana mai giya. Na jira duka. Na ma zaɓi icen da za a yi da shi a raina. Kaka ba ta ko harare ni ba. Tuwon dare ma ita ta miƙo mini, ta ƙara mini man shanu, abin da ya fi bulala zafi.

Da safe tana zaune a gaban randar ta ce in miƙo mata taɓarya. Na ɗauka daka za ta yi. Ta tashi, ta shafa wuyan randar da tafin hannu kamar mai lallashin akuya, ta yi bisimilla ta ɗaga. Bugun farko bai yi komai ba, sai wata ƙara mai zurfi da randar ta yi. A na biyu ta rabe, ruwan jiya ya malale har ƙafafuna.

“Ba ni yin ƙarya da azumi a bakina,” in ji ta. “Yanzu in na ce ta hwashe, ta hwashe. Kwashe ki kai bayan gida.”

Na kwashe tsingaron a zanena. Cikinsu sumul, baƙi wuluk, shekarun ruwa sun goge shi. Sawu uku na yi ina kuka, majina har haɓa.

Kawu ya sayo sabuwar randa ja. Ruwanta ɗumi-ɗumi, yana warin ƙasa. Ranar ɗaya ga azumi yara suka yi layi yadda suka saba, Kaka ta ba ni moɗa ta ce ni zan riƙa ɗiba. Kowane yaro sai ya taɓa gindin kwanonsa ya dube ni, ni kuma in dubi na bayansa.

Ana gab da kiran salla sai ga aminiyar Kaka, wata tsohuwa mai sayar da daddawa, ta shigo da kanta da kwano a hannu.

“Wai mi ni ka ji? Ina baƙar?”

“Ta hwashe.”

“Randar da ta ga aurenki ta ga na ɗiyanki? Wa ya hwasa ta?”

Tana tambayar tana kallona, don duk unguwar an san in abu ya fashe ina kusa.

“Ni,” in ji Kaka. “Da hannuna.”

“To wallahi tsuhwa ya kama ki. Ke da ba ki bari ko ƙuda ya sauka kanta. Kin cuci unguwa, kin cuci kanki.”

“Na cuta,” in ji Kaka.

Tsohuwar ta yi ta faɗa, Kaka na gyaɗa kai tana karɓa. Bakina ya buɗe sau biyu. A na biyun Kaka ta ɗan taka mini ƙafa, ba ta ko dube ni ba.

Tsohuwar ta miƙo kwanonta. “Zuba min hakanan, ɗiyar kirki. Ke dai Allah shi yi miki albarka da kike taya wagga rikitacciya aiki.”

Na zuba mata.